Ranar Ƙuri'a a Biranen Ingila: Tarihin Ƙa'idojin Zaɓen Raba Gardama da na Magajin Gari, 1998 zuwa 2024

1. Gabatarwa

Masu nazarin dokokin zaɓe sun fi mai da hankali ga wanda ya cancanci jefa ƙuri'a da yadda ake ƙidayarta. Wannan maƙala za ta dubi wani sashe da ba a cika kulawa da shi ba, watau ranar da ake jefa ƙuri'ar. Mun ɗauki ƙasar Ingila ta zama misali, domin a can cikin shekara 26 an kafa sabuwar kujerar magajin gari, an tsayar mata da ranaku, an sake su, har wasu garuruwa suka soke ta. Abin da tarihin ya nuna shi ne ƙa'idar lokaci tana da hannu wajen yawan mutanen da ke yanke shawara, da kuma tsawon shekarun da shawarar za ta ɗaure gari.

A nan, zaɓen raba gardama na nufin a tambayi jama'ar gari magana guda su ce i ko a'a. Magajin gari kuwa muna nufin wanda jama'a suka zaɓa kai tsaye. Ya bambanta da na tsarin Faransa, wanda Nijar ta bi bayan zaɓukan 2004 da 2011 da 2020, inda ƴan majalisar gari ke fid da shi daga cikinsu.

2. Mafarin al'amarin

Kafin shekara ta 2000 magajin gari a Ingila kujerar girmamawa ce kawai. Ƴan majalisa ke naɗa shi na shekara guda, iko kuwa yana hannun majalisar da kwamitocinta. Gwamnatin Tony Blair, wadda ta hau mulki a 1997, ta fara gwada sabon tsarin a Landan. Ran 7 ga Mayu 1998 aka yi zaɓen raba gardama, rana ɗaya da zaɓen majalisun unguwannin birnin. Kashi 72 cikin ɗari suka ce i, amma wajen kashi 34 ne kaɗai na masu rajista suka fito. Sai da aka shekara biyu, ran 4 ga Mayu 2000, aka zaɓi Ken Livingstone.

A wannan shekara ta 2000 Majalisar Dokoki ta yi dokar da ta buɗa ƙofa ga sauran garuruwa. Ta tanadi cewa in kashi 5 cikin ɗari na masu rajista suka sa hannu a takardar buƙata, wajibi ne hukumar gari ta shirya zaɓen raba gardama cikin wata shida. An sa wannan wa'adi ne don kada ƴan majalisar da ba sa son magajin gari su yi ta jan ƙafa har maganar ta bi ruwa.

3. Haɗa rana ko ware ta

Zaɓukan 2001 sun nuna nauyin ranar a fili. Garin Berwick, a kan iyakar Ingila da Sikotilan, shi ya fara, ran 7 ga Yuni 2001, ranar babban zaɓen ƙasa. Wajen kashi 64 cikin ɗari suka fito, suka ƙi tsarin. Sunderland ta yi nata a watan Oktoba, ba tare da wani zaɓe ba. Ita ma ta ƙi, amma kashi 10 kacal ne suka yi magana da sunan gari duka. Amsa iri ɗaya ce, doka kuma ta ba su ƙarfi ɗaya, ko da yake a wuri na biyu mutum tara cikin goma ba su ce uffan ba.

Haɗa rana yana rage kuɗin aiki, yana kuma iya ƙara jama'a, sai dai ƙarin ya danganta da girman zaɓen da aka jingina da shi. Misalin Landan ya nuna cewa zaɓen ƙananan majalisu ba ya jawo mutane kamar na ƙasa baki ɗaya.

4. Tsakanin amsa da zaɓe

In gari ya ce i, ƙa'idojin 2001 sun ba da rana biyu a shekara don zaɓen farko: Alhamis ta farko ta watan Mayu, ko Alhamis ta uku ta watan Oktoba, muddin wata uku sun wuce bayan zaɓen raba gardama. Wa'adin magajin gari shekara huɗu ne. Unguwar Newham ta Landan ta amsa ran 31 ga Janairu 2002, ta yi zaɓe ran 2 ga Mayu. Bedford ta amsa ran 21 ga Fabrairu, watau bayan mako uku kaɗai, amma da yake wata ukun ba su cika ba kafin Mayu, sai ta jira har 17 ga Oktoba. Ratar mako uku ta zama ta wata biyar da rabi. Amfanin wannan tsauri shi ne hukumar gari ba ta da ikon zaɓen ranar da ta dace da ɗan takararta.

5. Makullin shekara goma

Dokar 2000 ta hana a maimaita zaɓen raba gardama kafin shekara biyar. Wata doka ta 2007 ta mai da shi shekara goma. Dalilin da ke bayan haka a fili yake: sabon tsari yana bukatar lokaci kafin a auna shi. Amma garuruwa da dama sun koma ga akwati ba da daɗewa ba bayan wa'adin ya cika. Hartlepool, wadda ta amsa a 2001, ta soke kujerar a Nuwamba 2012. Torbay ta amsa a 2005, ta soke a Mayu 2016. Da yake magajin gari mai ci yana ƙarasa wa'adinsa, na Torbay ya zauna har Mayu 2019, shekara uku bisa kujerar da jama'a suka riga suka ce a ɗauke.

Biristol ce ta tara dukan waɗannan ƙa'idoji. Ran 3 ga Mayu 2012 gwamnati ta sa manyan birane goma su yi zaɓen raba gardama. Tara suka ƙi, cikinsu har da Birmingham da Manchester da Leeds. Biristol kaɗai ta amsa, da kashi 53 cikin ɗari na kashi 24 da suka fito, watau kimanin mutum ɗaya cikin takwas na masu rajista. Aka zaɓi George Ferguson ran 15 ga Nuwamba 2012. Da shekara goma suka cika, ran 5 ga Mayu 2022, kashi 59 suka ce a koma ga tsarin kwamitoci, kujerar kuma ta ƙare a Mayu 2024.

6. Mai ikon ɗaga rana

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi. A Ingila uwar ɗiya ita ce Majalisar Dokoki ta ƙasa, domin ita kaɗai, ko ministan da ta ba izini, ke iya gusar da ranar da aka tsayar. A 2001 an ɗaga zaɓen ƙananan hukumomi daga Mayu zuwa Yuni saboda wata annobar dabbobi da ta hana zirga-zirga a karkara. A 2004 an kai zaɓen Landan ran 10 ga Yuni don ya haɗu da na Majalisar Turai. A 2020 annobar korona ta sa aka ɗaga zaɓuka shekara guda cur, zuwa 6 ga Mayu 2021. Magadan gari masu ci, irin su Sadiq Khan na Landan da Marvin Rees na Biristol, suka yi shekara biyar. Amma an rage wa'adin da ya biyo baya zuwa shekara uku, aka koma kan tsohon jere a 2024, ta yadda wa'adin biyu a haɗe ba su wuce shekara takwas ba.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Ingila ta cire ikon sa rana daga hannun waɗanda zaɓen ya shafa kai tsaye, kuma da aka ɗaga rana a 2020 an biya shekarar daga wa'adi na gaba. Abin da dokokin ba su tanada ba shi ne mafi ƙarancin jama'ar da za su fito kafin amsa ta zama doka. Saboda haka ne amsar kashi 10 a Sunderland da ta kashi 64 a Berwick suka tashi da nauyi ɗaya, kuma ƙuri'ar mutum ɗaya cikin takwas ta tsara mulkin Biristol daga 2012 har zuwa 2024.