Tarihin Fim A Ƙasar Hausa Da Giɓin Da Ya Rage

A 'yan kwanakin nan an sha tafka musu a ɗakunan kwananmu a kan finafinan da ake yayi. Wannan ya ce na barkwanci ya fi, wancan ya ce na soyayya da zaman iyali, wani kuma ya ce shi sai na bincike mai ɗaga hankali. Da na tambaya ko akwai wanda zai ambata mani dogon katun guda ɗaya na Hausa, sai kowa ya yi shiru. Shirun nan ne ya sa na ga ya kamata mu duba baya, tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Ta hanya biyu fim ya shigo mana a zamanin Turawa. Ta farko ita ce majigi, wato motar gwamnati mai zagaya garuruwa tana nuna hotunan tsabta da noma a ƙofar fada. Irinsu ne Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noman auduga. Ta biyu ita ce gidajen sinima na Kwarori, kamar Rex da aka buɗe a Kano cikin 1937. Mutanen gari ba su ɗauki sinima wurin mutunci ba, kuma gobarar gidan El-Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara mata baƙin jini. Duk da haka, a gidajen nan ne finafinan Indiya suka kama zukatan Hausawa, saboda an ga kunya da auren tilas da biyayyar iyaye irin namu a cikinsu.

Shi kuwa barkwanci bai jira baƙo ba. Tun kafin majigi muna da 'yan kama da wasan gauta da tashe, inda talaka ke kwaikwayon manya a yi dariya, a kuma ɗauki darasi. Da rediyo da talabijin suka kafu, sai wannan gado ya koma can. Usman Baba Pategi ya yi Samanja Mazan Fama yana tsokanar rayuwar bariki, Ƙasimu Yero ya yi Karambana, aka kuma yi Karkuzu a Jos. A wannan zamani ne, cikin 1976, Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, abin da ya nuna cewa adabinmu na iya ɗaukar nauyin babban fim.

Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kasuwa ta buɗe. Da Sangaya ya fito cikin 1999 ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, sai rawa da waƙa irin na Indiya suka zama dole a kusan kowane fim. A shekarar ce kuma mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood. Cikin 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai. A tsakiyar wannan guguwa ta soyayya, marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu cikin 2014, shi ya riƙe tutar 'yan kama, har mutanen ƙauye da na birni suka haɗu a kansa.

To, idan muka auna finafinan baya-bayan nan da wannan tarihi, za mu ga kowane ya ɗauko halin gidansu. A ganina na zaman iyali sun fi samun ci gaba, tun daga lokacin da tashar Arewa24 ta soma Daɗin Kowa cikin 2015, aka rage waƙa aka ƙara labari. Labarina na Aminu Saira, wanda ya soma cikin 2020, ya bi wannan turba, ko da yake jan labari kamar ƙaramin zare yakan gajiyar da mai kallo. Na barkwanci har yanzu suna da farin jini, amma da yawa sun koma ihu da faɗuwa ƙasa, babu habaicin nan mai ciwo irin na Samanja. Na ɗaga hankali kuwa jarirai ne, don ba su da iyaye a tarihinmu. Kwana Casa'in na 2019, mai tona asirin siyasa a wani gari da aka ƙirƙira mai suna Alfawa, shi ne ya fi kusa da abin da ake nema.

Saura katun, kuma nan giɓin yake. Cikin 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters a Legas, cikin 2024 kuma kamfanin Disney ya nuna Iwaju, labarin Legas ta nan gaba. Mu kuwa ɗan abin da ake samu gajeru ne a YouTube, ko na waje da aka ɗora wa muryar Hausa. Abin takaici shi ne babu wanda ya fi mu kayan aiki. Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Dodo duk suna nan, ga Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ƙannenmu da ya kamata su kwana da "ga ta nan ga ta nanku" yanzu da wayar hannu suke kwana, suna kallon tatsuniyoyin wasu cikin harshen wasu.

Tarihin nan ya nuna cewa abin da ya tsiro daga gida, kamar barkwanci, shi ya fi daɗewa. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa, mu da muke tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi don cika sharaɗin digiri, kada mu bar su a kan kantar laburare ƙura ta cinye. Mu nemi abokanmu masu zane da masu ilmin kwamfuta, mu miƙa musu Gizo tun yaran ba su manta sunansa ba.