Galmi: garin albasa, asibiti da majami'a

Galmi gari ne a ƙaramar hukumar Dogarawa, gundumar Malbaza, jahar Tawa, a bakin babbar hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Jar albasarsa, wadda ake kira Violet de Galmi, ta kai sunansa har kasuwannin Abijan da Akara.

'Yan mishan na SIM, waɗanda suka fara zama a Damagaram a 1924, sun buɗe asibiti a Galmi a 1950, zamanin mulkin Faransa. A kewayen asibitin ne 'yan tsirarun Kiristocin garin suka kafa majami'arsu, inda ake yin addu'a da Hausa. Galibin mazauna Galmi Musulmi ne, haka ma majinyatan da ke zuwa neman magani, wasunsu daga Najeriya.