Daga Ƙahon Edison Zuwa Maɓallin Audacity

A hutun da ya wuce ina share ɗakin marigayi babanmu, na tsinci wani kaset a ƙasan akwati, tare da tsofaffin takardun haraji. Bikin babbar yayarmu ne, shi ya ɗauka da rediyonsa mai kaset. A ciki akwai wani mai gurmi na garinmu da ya rasu tun ina ɗan lakwal, kuma babu gidan da ke da muryarsa sai namu.

Wani tsohon ɗalibina mai haɗa kiɗa ya juye mini shi a kwamfuta. Sai ga gurmin can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya ake kaɗa shi. Yaron ya ce, “Mushe, wannan ai ba matsala ba ce.” Ya buɗe manhajar Audacity, ya danna inda aka rubuta Normaliser. Muka sake saurare, babu abin da ya sake. Dalilin yana da tarihi, kuma shi nake son in ba ku yau.

Lokacin da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar murya a 1877, da kusan shekara 50 bayan haka, babu wani abin murɗawa na ƙara sauti. Mawaƙi yakan tsaya gaban wani babban ƙaho, iskar muryarsa ta girgiza wata ƴar fata, ita kuma ta motsa allura. Ƙarfin da ya shiga ƙahon shi ke nan. Saboda haka mutane ake jerawa: mai kayan kiɗa mai sanyin murya a matso da shi gaba, masu busa a tura su can baya, mawaƙiya kuma in za ta ɗaga murya sai ta ja da baya. Har goge na Turawa aka ƙera mai ƙaho a jikinsa, wanda ake kira da sunan maƙerinsa, Stroh.

A 1925 kamfanonin faifan garmaho na Amurka suka koma ɗauka da makirufo da lantarki. Abin murɗawa ya samu, sai aka buƙaci ma'auni. Injiniyoyin tarho na kamfanin Bell suka fito da desibel, wanda ya ci sunan Alexander Graham Bell. Ƙarin desibel 6 kusan ninki biyu ne na girman sautin da ke bin waya. Wajen 1939 Bell da gidajen rediyon CBS da NBC suka daidaita a kan agogon nan mai allura da ake kira VU. Ƴan zamaninmu sun san shi a goshin manyan rediyo, yana rawa, yana leƙa wurin ja.

Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fitar a 1963 yana da nasa ciwon, wato shuuu ɗin nan da ba ya rabuwa da zaren. Ka ɗauka da ƙarfi, murya ta fashe. Ka ɗauka a hankali, shuuu ya rufe ta. Wannan ne tsarin Dolby B na 1968 ya zo ragewa, amma rediyon babanmu bai san da zamansa ba.

Da faifan CD ya fito a 1982, sauti ya zama lissafi. Kowane ɗigo lamba ce daga cikin matakai 65,536, kuma akwai rufi, sifili desibel, wanda babu lambar da ke wuce shi. Abin da ya nemi wucewa sai a aske masa kai. A nan aka haifi maɓallin da ɗalibina ya danna. Manhajar tana neman wuri mafi ƙara a dukan sautin, ta auna tazararsa da rufi, ta ninka komai da lamba guda. Malamai ƴan uwana za su gane: in na ɗaya a aji ya ci 19 bisa 20, ba ka da wurin ɗaga sauran da ninki ɗaya, ko da duk 4 suka ci. To, a kaset ɗinmu na ɗayan gwaggonmu ce. A tsakiyar kiɗa ta sunkuyo bakin rediyon ta rangaɗa guɗa, daƙiƙa biyu kacal, ta taɓo rufi. Manhaja ta duba ta ga aiki ya riga ya kammala.

Kamfanonin kiɗa sun gano wannan tun da wuri. Daga shekarun 1990 suka shiga danne wurare masu ƙara don su ɗaga sauran, kowa yana son waƙarsa ta fi ta maƙwabci amo a rediyo. Abin ya kai maƙura a 2008 da faifan Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, har masoyansu suka riƙa cewa wanda aka saka a wasan Guitar Hero, da ba a matse shi haka ba, ya fi daɗin ji. Dabarar nan ce kuma ke sa talla a tele ta firgita mutum yana cikin cin tuwo.

Alhali tun 1933 Fletcher da Munson sun nuna cewa kunne ba ya jin siririyar murya da kakkaura daidai wa daida. Kuma kunne ba ya yanke hukunci da guɗa guda, yana bin sautin ne tsawon lokaci. Sai a 2006 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janeba ta fitar da ma'aunin da ke kwaikwayon kunne, BS.1770. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da tele ta Turai ta kafa ƙa'idar R128 a kan -23 LUFS, a shekarar kuma Amurka ta yi dokar hana ihun talla. Spotify yana daidaita waƙoƙi a -14: wadda aka cika wa ƙara sai ya rage ta, ta tashi ba ƙarar, ba kuma numfashin da aka matse. Mu a nan waƙa ta fi yawo ta WhatsApp da kart memwar, inda babu mai daidaitawa, kuma a ganina shi ya sa yaranmu na situdiyo har yanzu suke tura komai cikin ja, kalangu ya fito kamar ana yaga buhu.

Mun koma kan kaset ɗin. Muka ajiye kwafin asali gefe, muka zaɓi guɗar gwaggo ita kaɗai muka sassauta ta, sannan aka sake danna maɓallin. Gurmi ya fito. Shuuu ma ya fito, da iska, da kukan awaki, tunda lamba guda aka ninka su duka. Yaron ya gwada goge shuuu ɗin, gurmin ya koma kamar a cikin randa ake kaɗa shi, na ce ya mayar mini da awakina.

Kusa da ƙarshe akwai wata murya da ba mu ji ba a da. Babanmu ne, yana cewa wani yaro ya ɗauki rediyon ya kai kusa da mai gurmi. Sau biyu ya faɗa. Ba a kai ba.