Yadda Masu Hannu da Shuni Suka Mallake Tseren Formula One

Tseren mota bai taɓa zama wasan talaka ba. A farkon ƙarni na 20 mota kayan ƙawa ce ta masu hali a Turai, kuma su ne suka kafa ƙungiyoyin da ke shirya gasa. James Gordon Bennett, mai jaridar New York Herald, ya sa kofi a 1900, ƙungiyar masu motoci ta Faransa kuma ta shirya Grand Prix na farko a Le Mans a 1906. Daga haɗakar irin waɗannan ƙungiyoyi aka samu hukumar FIA. Ranar da aka buɗe gasar Formula One ta duniya a Silverstone a 1950, Sarki George na Shida na Ingila yana cikin 'yan kallo, cikin direbobi kuwa har da Yarima Bira na gidan sarautar Tailan.

A wancan zamani kuɗi ba su taru a hannu ɗaya ba. Kowane kulob yakan yi cinikin ladan fitowarsa shi kaɗai da mai filin tsere, gidajen talabijin kuma su nuna tseren da suka ga dama. Wanda ya hango dukiyar da ke kwance a nan ba ɗan sarauta ba ne. Bernie Ecclestone ɗan masunci ne da aka haifa a 1930, ya taso yana sayar da kayan babur da tsofaffin motoci. A farkon shekarun 1970 ya sayi kulob ɗin Brabham, a 1978 ya zama shugaban FOCA, ƙungiyar masu ƙera motocin tsere. Dabararsa irin ta dillali ce: a haɗa kai a yi ciniki da baki ɗaya, mai fili ya biya jimla ko ya rasa kowa. Lauyan da ke gefensa shi ne Max Mosley.

Jean-Marie Balestre, Bafaranshen da ke riƙe da sashen wasanni na hukumar, bai yarda ba. Aka yi ta kai ruwa rana har 1981, lokacin da aka sa hannu kan yarjejeniyar Concorde, mai sunan dandalin Paris da ofishin FIA yake. Hukuma ta riƙe dokokin tsere, FOCA ta karɓi cinikin talabijin. Masu kulob sun fi damuwa da inji da taya, sai suka sakar wa Ecclestone ragamar cinikin, kamfaninsa yana cire kasonsa. Nan gizo ya yi saƙa. Ya tilasta wa gidajen talabijin sayen kakar wasa gaba ɗaya, masu talla suka biyo baya, kamfanonin taba a sahun gaba.

Sauran aikin ya zo da sauƙi bayan Mosley ya kayar da Balestre a 1991, ya kuma hau kujerar FIA a 1993. A farkon shekarun 2000 hukumar ta ba kamfanin Ecclestone haƙƙin kasuwancin gasar na shekara 100, har zuwa 2110, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 400 ba. Ko a lokacin, masu sukar cinikin sun ce an yi gwanjo. Kuɗi sun kai Ecclestone har zauren siyasa: a 1997 ya ba jam'iyyar Labour ta Birtaniya fam miliyan 1, daga baya gwamnatinta ta nemi a tsame Formula One daga haramcin tallar taba, surutu ya yi yawa, jam'iyyar ta mayar da kuɗin. A 2014 ya biya dala miliyan 100 aka rufe shari'ar cin hanci da ake yi masa a Munich.

Daga hannunsa gasar ta koma ta manyan masu zuba jari. Kamfanin CVC ya saye ta a 2006, Liberty Media na Amurka ya karɓa a 2017 a cinikin da aka ƙiyasta dala biliyan 8, aka kuma sallami Ecclestone. Ƙasashen Larabawa sun shigo da kuɗin gwamnati: Bahrain a 2004, Abu Dhabi a 2009, Saudiyya da Qatar a 2021, shekarar da Mohammed Ben Sulayem na Daular Larabawa ya zama shugaban FIA. Attajirin Kanada Lawrence Stroll ya sayi kulob ɗin Force India a 2018, ɗansa Lance ya samu kujerar direba a ciki.

Waɗanda suka riga shiga sun ja ƙofa sun rufe. Yarjejeniyar da ta fara aiki a 2021 ta ɗora wa duk sabon kulob dala miliyan 200, a raba wa tsofaffin. Michael Andretti ya samu amincewar FIA, amma masu gasar suka ƙi shi a Janairun 2024. Sai da General Motors ya shige gaba da sunan Cadillac sannan aka ba kulob na 11 gurbi a kakar 2026.