Yadda Rikicin Qt Ya Tono Matsalar Lasisin Manhaja

Babu mai rubuta manhaja da ke gina komai shi kaɗai. Yakan jingina da laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta. Ko dai a narkar da laburaren cikin manhajar tun wajen gini, ko a bar shi a fayil ɗinsa daban, sai manhajar ta tashi aiki ta kira shi. Wannan hanya ta biyu ce ta haifar da doguwar gardama: abubuwa biyun da ba sa haɗuwa sai lokacin aiki, a idon dokar haƙƙin mallaka ɗaya suke ko biyu?

A 1989 Richard Stallman ya fitar da lasisin GPL a Amurka. Sharaɗinsa shi ne, duk wanda ya gina aiki a kan manhajar GPL ya rarraba shi, dole ya sake shi a ƙarƙashin GPL tare da asalin rubutunsa. Gidauniyar FSF, mai kula da lasisin, ta tsaya kan cewa kiran laburare lokacin aiki ma haɗawa ce. Saboda haka a 1991 ta fito da LGPL mai sassauci, wanda ya ba kowace irin manhaja damar kiran laburare, muddin mai amfani zai iya sauya laburaren da wani bugu.

Gwajin gaske ya zo a 1996, lokacin da Matthias Ettrich ya fara KDE, wani tarin manhajojin kwamfuta, a Jamus. Yawancin manhajojin KDE GPL ne, amma a kan Qt aka ɗora su, laburaren kamfanin Trolltech na Norwe, wanda lasisinsa bai yarda a rarraba shi da gyara ba. Masu adawa suka kafa GNOME, kishiyar KDE, a 1997 a kan laburaren GTK mai LGPL. A 1998 Debian, mai tattara manhajoji tana rarrabawa, ta cire KDE daga rumbunta, tana ganin rarraba haɗin ya saɓa wa GPL. Trolltech ta kawo sabon lasisi, QPL, a 1999, amma FSF ta ce sharuɗɗansa ba su dace da na GPL ba. Sai a 2000, da aka saki Qt a ƙarƙashin GPL, ƙura ta lafa. Nokia, wadda ta sayi kamfanin a 2008, ta ƙara LGPL a 2009.

Har yau ra'ayin lauyoyi a rabe yake kan ainihin tambayar. Abin da ya kashe wutar shi ne mai haƙƙi ya yarda ya sauya lasisi, kamar yadda laburaren OpenSSL ma ya koma lasisin Apache 2.0 a 2021. Wanda duk zai rubuta ƙaramar manhajar da za ta shiga cikin wata babba, ya kamata ya karanta lasisin ɓangarorin biyu kafin ya fara, domin ajiye fayil daban ba ya ba shi izinin da mai haƙƙi bai bayar ba.