Burtuntunar da ta firgita Amurka

1/ Kun san burtuntuna, baƙin garin nan da ke cinye zangarniyar dawa? To alkama ma tana da tata. A 1931 masani Mitra ya bayyana ta daga Karnal, Indiya. Fulawarta har ƙarnin kifi take!

2/ A 1996 ta ɓulla a Arizona. Hankalin Amurka ya tashi, don ƙasashe da dama ba sa sayen alkama mai cutar.

3/ Sai aka tsinci ƙwayoyi masu kama da nata a kudu maso gabashin ƙasar. Da masana suka gwada su da busassun tsirran da aka adana, ashe ta wata ciyawa ce. A 1999 aka raɗa mata Tilletia walkeri. Manoman yankin sun sha da ƙyar fa.