Highbury da Emirates

Highbury da Emirates su ne tsohon fili da sabon fili na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal, a gundumar Islington da ke arewacin Landan. Ƙungiyar ta yi wasa a Highbury daga 1913 zuwa 2006, sannan ta koma Emirates, wanda tazararsa da tsohon filin ba ta kai kilomita ɗaya ba.

Highbury a tsakiyar gidajen jama'a yake, a wancan lokacin 'yan kallo sai sun ratsa ƙananan layuka kafin su isa ƙofa. Kujeru na dab da layin fili, amma mutum 38,000 da 'yan kai kawai yake ɗauka, kuma babu wurin faɗaɗa shi. A nan Nwankwo Kanu ya taka leda daga 1999 zuwa 2004.

Emirates kuwa yana ɗaukar kimanin 60,000. An gina shi a wurin da a da ake tara shara, akwai kuma ƙananan masana'antu. Magoya baya na yaba girmansa, sai dai tsofaffin cikinsu kan koka da tsadar tikiti, su ce shewar da ake yi ba ta kai ta da ba.

An mayar da Highbury gidajen zama, filin wasan ya zama lambu.